Wane tabki ne ake iya shiga bana? Ku zo mu yi magana

Ɗan Birni (admin): Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da shawara ku duba mini ita. Damina ta zauna, tabkunan Damagaram sun fara cika, yara kuma suna hutun bakans ba lakwal ba komai, kowa ya san irin labarin yaran da ruwa ke ci da muke ji duk shekara a wannan lokaci. Me zai hana mu riƙa ba kowane ruwa maki a nan cikin gurup? Wanda ya bi ta Kanya ko ya je Gidimuni ko Lasuri ko can cikin Korama wajen Matamaye ya rubuto abin da idonshi ya gani, sai mu sa kala uku irin ta wutar titi, tsanwa a shiga, rawaya a yi hattara, ja kar a kusanta. Mai son wanka ya duba, mai fatsa ya duba, mai shiga jirgi ya duba. Ya kuka gani?

Kabu-kabu 227: Wa alaikumus salam admin. Ni na yarda, in dai ni za a naɗa mai zagaye a riƙa zuba mini esansi 😂

Hajiya ta Zango: Ka ji ka, kai kullum sai wasa. Admin Allah ya saka da alheri, amma ni a sa ja ko'ina a huta. Ina da maza huɗu a gida, da an yi ruwa da dare to da safe ba ka ganin ƙeyarsu, sai azahar su dawo ido jajawur kai duk laka suna rantse mini wai ƙwallo suka je. Wace ƙwallo ce ake bugawa a dawo da wando a jiƙe?

Ɗan Yamai: Shawarar ba sabuwa ba ce, a nan Yamai haka ake yi wa kogi tuntuni. Akwai ma'auni a bakin ruwa ana karanta shi kullum, in ruwa ya kai santimita 530 an shiga rawaya, 580 ruwan lemu, 620 ja. A Satumba 2020 sai da ya kai wajen mita 7, ya fasa digi, wato ginin tare ruwa, ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa. Amma ku lura wannan maki na ambaliya ne kawai, yana ce wa mutanen bakin kogi su kwashe kaya, bai ce maka ka shiga wanka ko kar ka shiga ba. Kuma kogi ne mai tafiya, mu namu a Damagaram tabkuna ne masu kwanciya, lissafin ba ɗaya ba ne.

Ɗan Masunci Gidimuni: Na karanta wa Baba saƙon admin, ya ce in rubuta yadda ya faɗa, to ga shi. Ya ce a gaida ɗana admin, niyyarshi mai kyau ce amma ruwa ɗaya ba ya ɗaukar maki ɗaya. Ya ce ruwan da masunci ke murna da shi shi ne ruwan da uwa ya kamata ta hana ɗanta. In ka ga ruwa ya yi tsanwa-tsanwa, ga ciyawa a baki, ga kachalla, ga laka mai kauri a ƙasa, to nan karfasa ke ƙiba nan tarwada ke kwana, mu wannan tsanwa ne a wajenmu. Yaro kuwa ya shiga nan ƙafarshi ta nutse a taɓo har gwiwa, ya ja ta ƙi fitowa, ya tsorata ya sha ruwa, shi ke nan. Ya ce kuma ranar da kifi ya fi cin fatsa, wato lokacin da hadari ke haɗuwa gari ya yi lumshi, ita ce ranar da mai hankali ba ya tura jirgi tsakiya. To wace kala za ka sa ranar?

Ɗan Birni (admin): Kai, Baba ya kashe mini baki tun ban fara ba. A gaishe shi da kyau. To a raba uku kenan, na wanka daban na kamun kifi daban na jirgi daban?

Ɗan Masunci Gidimuni: Ya ce awo, haka ya fi. Kuma ya ce a riƙa rubuta rana da lokaci, don ruwan safe ba shi ne ruwan marece ba.

Likitar Mirya: Ina ta karantawa ina jiran a zo kan nawa. Admin ka yi haƙuri, ni a fannin wanka ban yarda a sa tsanwa a kowane tabki ba, ko da ruwan ya kwanta garau kana ganin yashin ƙasa. Dalili tsargiya. Ido ba ya ganinta. Ƙwayar cutar tana zama cikin 'yan ƙananan katantanwa ɗin nan da ke manne a ciyawar bakin ruwa, ta fito ta yi iyo, ta huda fatar mutum ta shiga, ba sai ka sha ruwan ba, tsayuwa kawai ka yi kana wanki ya isa. Kuma lokacin da suka fi fitowa shi ne tsakar rana, daidai sa'ar da zafi ke kora yara cikin ruwa. Bayan wasu makonni ko watanni sai ka ga yaro yana fitsari da jini a ƙarshe, yana jin zafi, yana ramewa, jininshi ya yi ƙasa. Shi kuma in ya sake yin fitsari cikin tabkin ya zuba ƙwai, katantanwa ta ɗauka, abin ya zagayo kan wani yaron. To don Allah wanda ya tsaya bakin ruwa da telefon ta yaya zai ga wannan har ya ce mana tsanwa?

Kabu-kabu 227: Anti ai mu da muna yara cewa ake in ba ka yi fitsarin jini ba ba ka zama namiji ba 😅

Likitar Mirya: Wannan maganar ce ta sa ake kawo mana su a makare. Ba balaga ba ce, ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara yana taɓa ƙoda. Kuma ba maza kaɗai ba, 'yan mata masu wanki da ɗibar ruwa suna kamuwa, su nasu ma ya fi ɓuya don kunya ba sa faɗa, kuma yana iya taɓa mahaifa. Maganin yana nan, praziquantel, wanda ake rabawa a lakwal ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi ƙwaya daidai tsawonshi, a ci abinci kafin a sha. Amma magani ba ya hana sake kamuwa, ka sha yau ka koma tabki gobe ka ɗauko sabuwa.

Hajiya ta Zango: Innalillahi. To Likita mu da muke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa in pampo ya ɗauke fa? Ka san halin garin nan da ruwa, wani lokacin ba ka san daga ina suka ɗebo ba.

Likitar Mirya: Hajiya in kina shakka ki bar ruwan ya kwana biyu a randa ko tano kafin a yi wanka da shi, ƙwayar tsargiya ba ta daɗewa da rai in ba ta samu jikin mutum ba. Ko ki ɗora shi a wuta ya yi zafi sosai ya huce. Na sha kuwa wannan magana ce daban, sai an tafasa ko an sa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwan sha, don can zawo da kwalara ake gudu.

Mushe na Sabon Gari: Ni ina da ja da ku duka. Kuna ta maganar Gidimuni da Lasuri, yaran cikin gari nawa ne ke zuwa can? Gidimuni fa tafiya ce ta wajen kilomita 70 a hanyar Gure. Abin da ke cinye mana yara ramukan da muka haƙa da hannunmu ne, inda ake ɗibar ƙasar tubali da inda ake fasa dutse. Garin nan bisa dutse yake zaune, ruwa ba ya shigewa ƙasa da sauri, duk rami in ya cika sai ya yi watanni. Kuma ramin tubali ba shi da gangare irin na tabki, a baki ruwa iya idon sawu, ka ƙara taku biyu sai ka ji ba ƙasa, ya shanye tsawon babban mutum, bangon kuma yumɓu ne mai santsi ba abin kamawa. Ruwan ja ne ba ka ganin komai. Yaron da ya san wurin da rani yana ganin ya san shi, alhali masu tubali sun ƙara zurfi kafin damina. Waɗannan ramukan ba su da suna ma balle a ba su kala. In za a yi aiki a fara da su, kowa ya lissafo na unguwarshi.

Ɗan Birni (admin): Mushe gaskiyarka. Waɗannan ja ne kai tsaye ba sai an tattauna ba.

Malam na Garin Malam: Jama'a kar mu manta kuma akwai abin da ido ba ya gani wanda ya wuce katantanwa. Tun kakanni an san akwai ruwan da ke da masu shi, duk shekara sai ya ci mutum. Kuma ajali in ya zo ko a kwano ne sai ya ɗauka.

Mushe na Sabon Gari: Allah gafarta Malam, ajali gaskiya ne ba mai musu. Amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ramin da ake cewa yana cin mutum duk shekara, in ka je da rani ya ƙafe ka duba, za ka ga gefen da yake ci ɗin shi ne gefen da aka fi haƙawa. A unguwarmu akwai wani, da matasa suka yi gayya suka cike gefen da ɓaraguzai aka kewaye sauran da ƙaya, shiru kake ji.

Malam na Garin Malam: Ban hana ɗaukar mataki ba Mushe. Cewa na yi a haɗa da addu'a, kuma a daina shiga ruwa da magariba.

Ɗan Masunci Gidimuni: Baba ya yi dariya ya ce a kan magariba shi da Malam bakinsu ɗaya, ko don aljani ko don duhu, wanda ya faɗa ruwa bayan faɗuwar rana ba mai ganinshi. Ya ce in faɗa muku yadda suke duba ruwa kafin su, tunda admin na son a riƙa rubutowa. Na farko ka je da asuba kafin rana ta fito. In ka tarar kifi ya taso sama yana buɗe baki yana haɗiyar iska, ruwan ba lafiya, numfashi ya ƙare a ciki, yawanci bayan ruwan farko ne da ya kwaso kashin dabbobi da shara ya zuba, ko in tsanwar ta yi yawa aka yi kwanaki ba rana. Karfasa ke fara mutuwa, tarwada da gaiwa su suna jurewa don suna shaƙar iskar sama, gaiwa ma ai ko tabki ya ƙafe tana shiga laka ta kwanta har wata damina. Na biyu ka tsoma hannu har gwiwar hannu ka duba tafinka. In tafin ya ɓace tun bai yi nisa ba ruwan ya yi kauri da yawa, in kana ganinshi tar har ƙasa to ruwan ba abinci kifi ba zai yi girma ba, wanda ake so shi ne ka gan shi dishi-dishi. Na uku ka shinshina. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai ka koma gida. Na huɗu ka dubi tsuntsaye, inda suke sauka suna tsinta akwai ƙananan kifi, inda ƙanana suke manya na kusa.

Ɗan Yamai: Wallahi abin da Baba ya faɗa na tsoma hannu shi ne ake koya mana da wani faifai mai fari da baƙi da ake zurawa da igiya a auna inda ya ɓace. Shi da hannu yake yi. Na asuba kuma dalilinshi, tsanwar cikin ruwa da rana tana ba da iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, shi ya sa gab da fitowar rana iskar ta fi ƙaranci.

Kabu-kabu 227: To in an tarar kifi ya mutu yana yawo bisa ruwa a kwasa a soya ko? Bara na ga ana saida irinshi da arha, tuli guda dala ɗari

Likitar Mirya: Kar ka soma. Ba ka san abin da ya kashe shi ba. In ƙarancin iska ne ya riga ya fara ruɓa cikin zafin nan, in kuma maganin ƙwari ne daga garake ko wani marar tsoron Allah ya zuba don ya kwashi kifi, to guba ka saya. Ka buɗe kunnen kifin ka gani, mai kyau ja ne, ido a cike, nama in ka danna ya dawo.

Ɗan Masunci Gidimuni: Wannan nawa ne ba na Baba ba. Masu zuba magani da masu su da sange su ne suka fi ɓata mana sana'a. Sangen da aka raba don sauro mutum ya ɗinke ya ja a ruwa, ya kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, to baɗi me za a kama? Doka ta hana, ma'aikatan gandun daji suna kamawa in sun gani, amma ba kullum suke bakin ruwa ba. Shi ya sa a tabkunan da ake zuba irin kifi ake rufe su na wasu watanni sai ya girma a buɗe. Admin in za a yi makin su a ƙara da wannan, a rubuta a buɗe yake ko a rufe, kar mutum ya taso daga gari da birgi da mamari ya zo a ƙwace mishi kaya ya ce gurup ne ya ce tsanwa. Ga kachalla kuma, ta ci wuri mai yawa, inda da ake jefa birgi yanzu jirgi ma ba ya ratsawa, tsuntsaye masu cin hatsi sun samu gidan kwana.

Ɗan Yamai: Gidimuni fa yanzu tana cikin jerin Ramsar na wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya tun 2019, Lasuri kuma tun 2005. Sai dai shiga jeri ba ya yanke kachalla, sai an sa lauje.

Hajiya ta Zango: Ku dawo kan jirgi don Allah, muna da biki a ƙauye wata mai zuwa an ce sai an tsallaka ruwa in an yi sama sosai, ni kuma ko a baho ban iya iyo ba.

Ɗan Masunci Gidimuni: Hajiya Baba ya ce ki kiyaye abu uku. Ki dubi gabas kafin ki sa ƙafa, hadarinmu daga can yake tasowa kuma iska ke riga ruwa isowa, in kin ga ƙasan sama ya yi baƙi ko ja na ƙura ki zauna ko da mai jirgi ya ce zai riga shi, tabki mai faɗi ba zurfi in iska ta buga shi nan da nan yake tada igiya. Sannan ki dubi bakin jirgin bayan kowa ya shiga, in tsakaninshi da ruwa bai kai taƙi guda ba ki fita, kuɗinki ki bar mishi. Sannan ki dubi cikin jirgin, in akwai yaro da aka ajiye aikinshi kawai kwarfar ruwa da ƙwarya tun ba a tashi ba, kin san amsa. Kuma kar a haɗa ku da dabbobi ko moto, kar kowa ya miƙe tsaye a tsakiya.

Mushe na Sabon Gari: Lodi da tafiyar dare su ne ke kashe mutane a manyan koguna ma. Ku tuna na Kebbi a watan 5 na 2021, jirgi ɗaya ya tsage a kogin Kwara da mutane fiye da 100 a ciki.

Hajiya ta Zango: Allah ya jiƙansu. Rigar ruwa fa, ina ake samunta a nan? Ni ban taɓa ganinta a kasuwar Dole ba.

Ɗan Masunci Gidimuni: Mu ma ba mu da ita Hajiya. Da gora iyayenmu ke yi, yanzu bido. Bido na lita 20 wanda ba komai ciki a ɗaure murfin tam, yana riƙe babban mutum bisa ruwa in ya rungume shi. Ki sa a ajiye miki ɗaya kusa da ƙafarki, ba abin kunya ba ne.

Likitar Mirya: Tunda an zo nan bari in ƙara, don wannan ya fi kala muhimmanci. Mai nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira, bakinshi na shiga ruwa yana fita ba ya samun sararin magana, sau da yawa abokanshi na kusa suna zaton wasa yake. In ba ka iya ruwa sosai ba kar ka faɗa, zai riƙe ka ku tafi tare, mun sha ganin gawa biyu wa da ƙane. Miƙa mishi sanda ko rawani ko ka jefa bido da igiya. In an fito da shi ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a hura mishi iska a baki a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi ana maimaitawa, wani kuma ya kira sapar pompiye, wato 'yan kwana-kwana, a lamba 18. A daina juya yaro ƙafa sama ana jijjigawa ko a hau cikinshi wai a fitar da ruwa, lokaci ake ɓatawa kuma amai na iya komawa huhu. Ko ya farfaɗo yana magana a kai shi likita, ruwan da ya shiga huhu yana iya tada mishi numfashi bayan awoyi.

Kabu-kabu 227: Wannan na juya yaro wallahi kowa haka yake yi a unguwarmu. Anti ki yi mana bokal, saƙon murya, mu tura wa tsofaffi, ba kowa ke karatu ba

Likitar Mirya: Zan yi in na sauka gardi.

Ɗan Birni (admin): To ga inda na fahimta, a gyara mini. Kamun kifi da jirgi za mu riƙa sa kala uku, da rana da lokaci da sunan wurin, da a buɗe yake ko a rufe. Wanka kuwa rawaya da ja kawai.

Ɗan Yamai: Ni ban gamsu da hana tsanwa gaba ɗaya ba. In ka ce wa yaro ko'ina ja ne zai daina sauraronka ya tafi inda ba ka sani ba. Gara a samu wuri ɗaya marar zurfi mai yashi, a share ciyawar, babba ya tsaya, a koya musu iyo. Rashin iya ruwa shi ma yana kisa, ruwan Satumba 2024 da ya kada tsohon masallacin Birni ai cikin gari ya same mu, ba mu muka je wajenshi ba.

Likitar Mirya: A koya musu ban ƙi ba, amma ka kira shi rawaya, kuma duk yaron da ya shiga a tabbata ya sha maganin in an zo rabo. Tsanwa dai ba da bakina ba.

Mushe na Sabon Gari: Ku ci gaba da jan wannan, ni na fara lissafin ramuka. Na unguwarmu uku ne, gobe in Allah ya kai mu zan ɗauko hotonsu in kai wa mai unguwa. 'Yan Kara-Kara da Garin Malam ku turo naku kafin Juma'a mu haɗa takarda ɗaya a kai meri, ofishin magajin gari.

Ɗan Masunci Gidimuni: Na yau daga wajenmu, ƙarfe 6 na safe: kamun kifi tsanwa, tarwada na ci sosai. Jirgi rawaya, gabas ba ta yi kyau ba tun asuba. Wanka ja, bakin duk taɓo ne. Hajiya in kina son tarwada mai rai ki yi magana kafin motar ƙarfe 10 ta tashi.

Hajiya ta Zango: A sa mini ta jika biyu, manya, ban son masu kai kawai.